Shari'ar Nero a gidanmu na Chow Kit

Shekarun baya, lokacin korona, na je Kuala Lumpur saro hijabai, sai aka rufe iyaka. Wasu ɗalibai 'yan Arewa suka ba ni masauki a gidansu na unguwar Chow Kit. Da yake ni ne babba, duk rigima gabana ake kawo ta.

Wata rana tukunyar wake ta kama da wuta a kicin. Aka ɗora laifin kan wani ɗan Katsina, wai an gan shi zaune da abin sauraro a kunne yana gyaɗa kai. Suka laƙaba masa Nero, suka ce sai ya bar gidan, alhali saboda dokar kulle ko masallaci ba a zuwa.

Na ce, "Wane ne kuma Nero?"

"Haba Alhaji! Sarkin Rum, wanda ya cinna wa birninsa wuta ya koma gefe yana kiɗa."

Ni da na tsaya a sakandare, na ɗauka ɗan ƙwallo ne. Wani abokina a cikinsu, mai karatun tarihi, ya yi dariya. Ya ce ranar da wutar ta tashi sarkin ba ya ma garin, da ya dawo kuma ya buɗe lambunansa ga waɗanda suka rasa muhalli. Zancen kiɗan jita-jita ce, manyan gari da suka tsane shi suka raya ta bayan ya mutu.

Na ce to, mu bi abin daki-daki. Na farko, wa ya ɗora waken? Can wanda ya fi kowa zaƙewa ya ce, "Ni ne, amma darasi aka fara a kwamfuta, lah," kamar yadda 'yan garin ke rufe magana.

Na biyu, ina ɗan Katsina yake? Ya sauka karɓo tapau, abincin da muka yi oda. Na uku, wa ya kashe wutar? Shi ne, da jiƙaƙƙen bargo. Bayan nan ya zauna ya kira mahaifiyarsa, sannan sauran suka fito daga ɗakuna suka gan shi.

Na ce masa, "Me ya hana ka faɗa?"

"Alhaji, wa ya tambaye ni?"

Ya ci gaba da zamansa a gidan. Mai waken ya kankare tukunya da bango.

Har yau in aka kawo mini labarin mutum, sai na san wanda ya fara ba da shi, da abin da ke tsakaninsu. Shi Sarki Nero dai ban wanke shi ba, domin abokina ya tabbatar mini ya kashe uwarsa. Wannan yana wuyansa. Gobarar Rum kuwa, sai an kawo mini shaida.