Keken Tela da Ƙarar Waya

Lokacin da aka ɗauko ma'aikatarmu daga Legas aka dawo da ita Abuja, ban sami gida a cikin gari ba. A Lugbe na sauka, inda a wancan zamani gonakin doya suka fi gidaje yawa. Da yamma babu wurin zuwa. Wannan zaman banza ne ya sa na sayi wani tsohon injin walda a hannun wani Bature mai aikin gine-gine da zai koma ƙasarsu.

Injin irin wanda ake kira MIG ne. Ba a saka masa sandar walda. Wata siririyar waya ce a naɗe a cikinsa, idan ka matsa kunamar da ke jikin mariƙinsa sai ta riƙa fitowa da kanta tana narkewa, iskar gas kuma tana lulluɓe wurin. A gabansa akwai maɓallin da ake murɗawa kamar na rediyo, shi ke ƙara wa wayar gudu ko ya rage. Lambobin jikinsa duk sun goge. Ko da suna nan ma, mutumin da ya rufe fuska da baƙin gilashi ba ya ganin lamba.

Don haka da kunne na koya. Idan wayar ta yi sauri, za ka ji tat-tat-tat, tana tunkarar ƙarfe tana ture maka hannu baya, tartsatsi ko'ina. Idan ta yi jinkiri, sai ƙarar ta koma huci, bakin wayar ya dunƙule ya ɗiga. Tsakanin biyun akwai wani ɗan wuri inda ƙarar ke daidaita, kamar an zuba ƙosai a mai mai zafi. Na ɓata ƙarafa da yawa kafin kunnena ya san wurin nan.

Muna da maƙwabci, wani tela mutumin Filato. Shan inna ta kama masa ƙafafu tun yana ƙarami, saboda haka da keken guragu mai ƙafa uku yake yawo, irin wanda ake tuƙawa da hannu. Wata Asabar da hantsi matarsa ta turo keken zuwa ƙofata, shi kuma ya biyo ta a baya yana rarrafe, da takalma a hannuwansa. Bututun da ke riƙe da ƙafar gaba ya tsage.

Bayan mun gaisa ya ce, “Oga, na kai ma masu walda na bakin titi. Ka ga abin da sun yi.”

Na duba. Bututun ba shi da kauri, wutarsu kuma ta yi masa ƙarfi, sai ta huda shi a maimakon ta haɗa.

Na ce, “Maigida, ni fa ba sana'ata ba ce. Wasa nake yi da shi ranakun hutu.”

Ya ce, “Na sani. Amma yarinyana zai yi aure sati mai zuwa. Ni ne zan kai ta gaban coci. Ba na so a ɗauke ni kamar buhu.”

Matarsa ta kawar da kai. Ni kuwa na jawo injin.

Na goge tsatsa, na yanko guntun bututu na zura a ciki don ya yi ƙarfi. Matsalar ita ce wurin yana ƙarƙashi, sai na kwanta a ƙasa, kuma daga nan hannuna ba zai kai ga maɓallin ba. Wutar lantarki kuma ranar tana hawa tana sauka, ga shi ba ni da wani bututun idan na huda wannan.

Tela ya matso ya zauna kusa da injin. Ya ce, “Ka faɗa mini, ni zan murɗa.”

Muka fara gwadawa a kan wani guntun ƙarfe. Na sa shi ya ji ƙarar sauri, ya ji ta jinkiri, sannan ya ji ta daidai. Ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai, ya ce keken ɗinki ma haka yake, idan zare ya yi tsauri kunne ke fara sani.

Na kwanta na rufe fuska. Da farko ta yi tat-tat, na ce, “Rage.” Ya rage. Ta soma huci, na ce, “Ƙara kaɗan.” Sai ƙarar ta zauna. Na riƙa ɗigawa ina tsayawa don kada ƙarfen ya yi zafi da yawa. Can a tsakiyar aiki wuta ta yi ƙasa, ƙarar ta fara tsinkewa. Kafin in buɗe baki na ji ta dawo daidai. Shi ma ya ji, ya murɗa da kansa.

Da na cire gilashi na ga ɗinkin waldar ya kwanta sumul, babu rami ko ɗaya. Ban taɓa yin mai kyansa ba. Tela ya shafa shi da yatsa bayan ya huce, ya ce, “Wannan ɗinki, ko ni ba zan warware ba.”

Ranar bikin na sa babbar riga na tafi, ni da iyalina. Aka ba mu kujeru can wajen ƙofa. Ya shigo a kan kekensa, an yi masa sabon fenti shuɗi, hannu ɗaya yana tuƙi, ɗayan yana riƙe da hannun amarya. A bakin ƙofa akwai ɗan tudu. Ƙafar gaba ta hau shi da ƙarfi, duk nauyinsa ya sauka a kan wurin da muka haɗa. Kowa amarya yake kallo, ni kuwa bututu nake kallo. Bai ko motsa ba.

Matata ta taɓa ni ta ce in gyara zama, wuyana ya yi tsawo.

Da aka fito cin abinci, tela ya kira ni ya nuna ni ga surukansa. Ya ce, “Ga oga da muka yi aikin tare.” Suka matsa suka ba ni wuri a teburin dangi, aka zubo mini gwate har ya yi yawa.