Ni a Taragon Mata

Shekarar da na fara aiki a Dubai na kamu da karatun tarihin gwagwarmayar mata. Tun daga masu neman 'yancin jefa ƙuri'a har zuwa masu neman albashi daidai da na maza, babu abin da ban haddace ba. Matata ta sha lacca har ta gode Allah, yawanci tana wanke-wanke, ni ina jingine da ƙofar kicin ina bayani.

Wata rana da la'asar na faɗa jirgin ƙasan metro a unguwar Deira, idona a kan waya, ina karanta irin wuyar da mata suka sha kafin a ba su wuri a cikin jama'a. Na samu kujera na baje. Da na ɗago kai, ashe taragon da aka keɓe wa mata na shiga.

Wata Hajiya 'yar Kano, tsaye da ledojin kaya daga kasuwar Murshid Bazaar, ta dubi hulata.

"Ɗana, nan namu ne."

Kunya ta sa na hau zuba: "Hajiya, ai ni naku ne. Yanzu haka ma tarihinku nake karantawa."

"Madalla," in ji ta. "Tashi ka ƙarasa shi a can, ƙafafuna ciwo suke."