Fulogan Dakta Haruna

Shekara bakwai ke nan da rasuwar aminina Dakta Haruna, likitan da ya fi son gareji a kan falo. Allah Ya jiƙansa. Ya bar wata tsohuwar motar Japan mai turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi, a bayan gidansa a unguwar Catford, ya kuma bar 'yan uwa da abokai da suka iya yabonsa, ba su koyi komai a wurinsa ba.

Kafin kowace fita ta tsere sai ya kwance fulogan nan shida, ya zura siririn ƙarfen awo a bakin kowanne. Yakan ce idan aka ƙara wa turbo ƙarfi dole a matse tazarar da ke bakin fulogi, in ba haka ba matsin iska ya hure tartsatsin. Tazarar kuma buɗewa take yi da kanta yayin da fulogi ke cinyewa. Har na gaji da jin wannan karatu, yanzu kuwa kewarsa nake yi.

Duk shekara bayan addu'a, wansa Alhaji Bala yakan buɗe garejin a tayar da motar don tunawa da shi, har 'ya'yan Alhajin su ɗan zaga unguwa da ita. Tun shekara ta uku ta fara tari, tana harbi ta salansa. Na zo da sababbin fulogai da ma'auni, Alhaji ya tare ni a ƙofa.

"Malam Isa, hannun marigayi ne ya yi saitin fulogan nan. Ba mai taɓawa."

Sauran suka gyaɗa kai kamar an karanto hadisi. Lalaci ne tsagwaronsa suka naɗa wa rawani, suka kira shi biyayya. Da Haruna zai leƙo ya ga abin da ya saba taɓawa duk mako an mayar da shi kayan tarihi, da tsintsiya zai kore su.

Hajiya Rabi, matarsa, ba za ta iya musu da wan mijinta ba. Ta dai gaya mini cewa ƙarar motar ce kaɗai ta rage mata daga muryar gidan, kuma wannan kakarin ba ita ba ce. Bana, da injin ya mutu a tsakiyar titi, ta kira masu sayen tsoffin motoci.

Abin da ya rage na Haruna shi ne ɗabi'ar dubawa da sake dubawa, kuma a gidan ba wanda ya gaje ta. Ana ɗora motar kan tirela, Alhaji Bala ya sa aka kwance masa fulogan, ya rarraba wa manyan abokai, kowa ya sa nasa a aljihu yana share hawaye.