Ranar da Aka Kai Ƙafar Adda Gaban Marmaro

A wani kwari bayan garinmu Potiskum akwai marmaro mai halin ɗan siyasa. Yanzu ya tumbatso ya rufe duwatsu, an jima ya janye kamar bai taɓa saninka ba, can kuma ya dawo. Haka muka taso muka gan shi, rani da damina, ikon Allah ne kawai. Amma mutanenmu ba sa barin abu ya zauna babu aiki, sai suka naɗa shi alƙali. Wai idan mace mai farar ƙafa, wadda shigarta gida ke karya arzikin miji, ta tsaya a bakinsa, sai ruwan ya gudu.

Yayata, da muke kira Adda, tana aure a Dogo Tebo. Mijinta direban tirela ne, yana lodi daga Kasuwar Shanu zuwa kudu. Wata shekara motarsa ta yi ta kwanciya a hanya. Duk mai ido ya san dalili, don tayoyin sun yi sumul kamar tafin hannu. Amma uwarsa Hajiya ba ta duba taya ba, ƙafar Adda ta duba. Ta rantse ko dai a je marmaro a wanke zargi, ko ɗanta ya saki matar.

Na ce, "Adda, wallahi kada ki je. Wannan ai wulaƙanci ne."

Ta ce, "Ke ba ki san komai ba. Ina son aurena, ga kuma yarana."

Da hantsi muka cika keke biyu, ni da Adda, Hajiya da ƙawayenta 'yan ba-ni-na-iya, kowacce da carbinta. Maigidan ya biyo mu a mashin, ya kafe shi a inuwa, ya zauna a kai kamar wanda ya zo kallon ƙwallo.

Adda ta cire takalmi ta tsaya a bakin ruwa. Sai ga shi yana ɓulɓulowa, yana hawa, har ya shanye mata idon sawu. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba.

Hajiya ta ce, "Ke, rufe mana baki! Bai gane ta ba tukuna. A jira."

Bai gane ta ba! Ashe marmaron namu sai an yi masa gabatarwa. Raina ya ɓaci, na ji kamar in tura tsohuwar nan ciki mu ga ko ita zai gane ta. Haka aka shanya Adda baiwar Allah a rana, su suna inuwa suna ɓare gyaɗa. To, ruwan nan ko liman ka tsayar a gabansa, in dai za a jira, sai ya janye. Ya kuwa janye. Ƙawayen suka ɗauki salati, Hajiya tana tafa hannu tana cewa, "Kun gani ko? Ni dai ban ce komai ba!"

Adda ba ta kula su ba. Ta juya wajen mijinta ta ce, "Malam, a nan ka yi wankanka na ƙuruciya. Ka san haka yake yi, ko da mutum ko babu. Don Allah faɗa musu."

Gogan naku ya sosa ƙeya, ya duba wayarsa wadda ko ƙara ba ta yi ba, ya ce, "To, ai Hajiya ta fi mu sani."

Na ɗauka Adda za ta fashe da kuka. Ina! Takalminta ta saka, ta gyara mayafi, ta ce wa mai keke ya kai mu Dogo Nini, gidan iyayenmu. Ni ce ma na yi kukan. Muna tafe ina ta tsine wa marmaro, ina cewa Allah ya ƙafar da shi kowa ya huta.

Adda ta dafa ni ta ce, "Bar zagin ruwan nan. Shi kam ya yi ƙoƙari, ya tsaya mini iya ƙarfinsa."