Tsarabar Yamai da ta kusa rufe min maƙogwaro

Salamu alaikum. Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata a nan ba, har wasu na tambayar ko an yi sadakar bakwai. Ina nan, kuma raina a ɓace yake.

Ɗana Laminu ne ya aiko min tsaraba daga Yamai, wani ɗan itace wai shi kiwi, mai gashi kamar gwiwar raƙumi, cikinsa kore. Tsarabar ɗa ba a mayar da ita. Na ci.

Leɓe ya kama ƙaiƙayi, harshe ya yi nauyi, ciki na murɗa. Na ce wa maiɗakina Hajiya Rabi abin nan bai karɓe ni ba.

Ta ce, "Malam, abu mai tsada haka ne zai cuce ka? Tsufa ne."

Wai tsufa. Ni da nake cin goriba da kanya tun ina lakol, wato makarantar boko, shekarar da aka ɗaga tutar ƙasar nan, ba wadda ta taɓa kumbura min baki.

Da Laminu ya ji na kwanta, sai ya ƙaro kwali guda, wai yana ƙara jini. Ana matse min a kofi, 'yan dubiya na cewa, "Daure ka shanye, yaron ya yi ƙoƙari."

Ranar kasuwar Gangara maƙogwaro ya fara rufewa, ina jan numfashi kamar ta cikin karan dawa. A motar kasuwa aka kai ni asibitin Agiye, tsakanin buhunan gero. Na yi kalmar shahada, na ɗauka tafiyar ke nan.

Allura, ƙarin ruwa, awon jini. Ragon layya ya tafi a magani.

Likita ta ce, "Baba, wane sabon abu ka fara ci?" Na faɗa mata. Ta ce, "Kada ya sake shiga bakinka, ko ruwansa."

A gidana ba wanda ya yi min wannan tambayar.

Da na dawo gida, Laminu ya bugo waya. "Baba, ashe ni na kwantar da kai?"

Na ce, "Kai tsaraba ka yi. Waɗanda suka ƙi jin maganata ga su nan kusa da ni."

Hajiya ta tashi, wai za ta duba tukunya.

Alhamdu lillahi, na miƙe. Allah ya saka wa likitar da duk wanda ya yi min addu'a.

In abinci ya sa muku ƙaiƙayin baki, ku bar shi, ko wa ya kawo. In numfashi ya canza, asibiti nan take. In tsoho ya ce abu bai karɓe shi ba, ku yarda, cikinsa ne.

Laminu, in kana karantawa, bana goro ya ishe ni.