Igiyar Takalmin da Waya Ke Cinyewa

Mai ɗinkin takalma ne, hannunsa ma ya nuna, don duk gam ya bushe a yatsunsa. Yana zaune a benci a ƙofar shagon buga takardu, ya kawo waya dab da hancinsa. Gilashin wayar ba ya jin babban yatsansa saboda ya yi kanta, sai da ɗan ƙaramin yake dangwalawa.

Takardar talla yake haɗawa da kansa, yadda ya koya a bidiyo. Gobe zai kai kaya baje koli, mai shagon kuma ya ce ƙarfe biyu zai kashe inji. Matsalar ita ce a kan teburin aikinsa ya ɗauki hoton takalmin, kuma teburin da fatar launinsu ɗaya. Duk sanda ya danna a goge bayan hoton, sai wayar ta haɗa da igiyoyin takalmin, ta bar masa tafin kawai.

Wata mata da ke jiran layi ta leƙo. "Baba, wannan takalmi ne ko faranti?"

"'Yata, yini guda na yi ina ɗinka igiyar nan. Wayar ko kafin ƙiftawar ido ta lashe ta."

Yana murza idanu. Da ganinsa bai saba aiki ya gagare shi ba.

Mai shagon ya turo kai ta taga. "Baba, saura minti goma."

Ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya maido da shi yadda yake, har da sawun wuƙa a jikin katakon.

"Buga da teburin. Ai a kansa na ɗinka su."