Gidan Gaba a Hanyar Gazawa

Shekarar da partoci suka yi yawa a ƙasar nan, aka ce ni ce shugabar matan partinmu a Gangara. Ko baƙi ban sani ba lokacin. Murya gare ni, shi ke nan. In na yi guɗa a bakin rijiya, har ruga ana ji. Ƙanwar mijina ta nemi muƙamin ba ta samu ba, ta zo ta yi mini barka, baki a murguɗe.

Tsakiyar bazara aka kira mitin a Gazawa, aka turo mana wata tsohuwar bashe, motar nan mai buɗaɗɗen baya. Ni zan buɗe taro da guɗa gaban manya, nan za su tabbatar da ni ko su duba wata. Shugaba kuwa gidan gaba take zama. Na shiga kusa da shofer, sauran mata suka hau baya kamar buhunan gero.

Ƙanwar mijina ta leƙo ta taga. "Matar yaya, a riƙa tunawa da talakawa."

"Ke dai riƙe ƙarfe, kar rami ya mai da ke gida."

Muna shiga yashi, shofer ya fara hararar wata ƴar allura a gabansa. Ya murɗa wani abu, sai iska ta taso mini daga ƙafafu kamar na zauna bakin tanda.

"Kai ɗan nan, wuta muka kama?"

"A'a, Inna, na'urar ɗumama ɗaki na kunna. Moter, injin mota, ya ɗau zafi. In na jawo zafin nan ciki, sai ya huce."

"Mu fa?"

"Ku ba ku lalacewa, Inna. In kina so ki koma baya, can da iska."

Baya, gaban ƙanwar mijina? Na ce ya tuƙa.

Takalmina na roba ya yi laushi kamar tuwo. Zufa ta jiƙe sabon zanen da parti ta ba ni, har fuskar ɗan takara ta manne mini a cinya. A baya kuwa waƙa suke, suna tafi.

Duk da haka allurar ba ta sauka ba. Ya tsaya gindin wani gawo, ya ɗaga bakin mota, ya jira ta huce, ya sa tsumma ya kwance murfin ruwa. Bidonsa na ruwa ba ko ɗigo. Gorata ce kusa da hannunsa. Ya juye ta duka, ya ce parti ta gode. Matan baya na da ruwa, ina ganinsu suna sha. Ban roƙa ba. Shugaba ce ni.

A Gazawa aka miƙo mini lasifika. Na kama hanci, na buɗe baki, abin da ya fito kamar tsohuwar ƙofar kwano. Na sake, ko wannan bai fito ba. Sai ga guɗa daga bayana, doguwa, jiƙaƙƙiya, ta wadda ta sha ruwa ta sha iska. Manya duk suka waiga. Kafin la'asar an ba ƙanwar mijina shugabanci.

Da za mu koma, ita ta shiga gaba. Na hau baya ina jira in ji ihunta. Rana ta riga ta yi sanyi, shofer bai kunna komai ba, har Gangara tana gyangyaɗi.